Kwamfuta ta yi gum bayan an sabunta Windows: katin sauti ne ya mutu ko tafinta ne ya ɓace?

Kukan iri ɗaya ne a shagunan gyara na Maradi, ko na gefen babbar kasuwa ko na cikin unguwar Zariya. Mutum ya shigo rungume da kwamfutarsa, ya yi sallama, ya ce: "Maigida, jiya lafiya lau take magana. Ta ce in yi mata mizajur, na yi, yau ta yi gum." A kusurwar allo ta ƙasa, hannun dama, ɗan hoton lasifikar nan ya sami jar alama a jikinsa. In na'urar daga Kano ta shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, da Ingilishi za ta rubuta cewa babu abin fitar da sauti. In daga Turai ta biyo ta Kwatano, da Faransanci za ta faɗi maganar. Mizajur ɗin nan, wato sabunta Windows, ita ake ɗora wa laifi, kafin a ce kwabo an yanke hukunci: katin sauti ya ƙone. Wani kuma ya ce a yi mata forma, a share komai a sake zubawa.

Wannan hukunci gaggawa ce. Ƙarfe ba ya ƙonewa don an canja masa manhaja. Na'urar da ta yi magana jiya da dare, aka sabunta ta, ta wayi gari bebiya, kusan kullum lafiyar jikinta ƙalau. Wanda yake fassara tsakaninta da Windows ne aka canja, ko aka kora, ko aka nuna masa wata ƙofa daban.

Abin da ake kira katin sauti ma, a yawancin kwamfutocin yau ba kati ba ne. Can baya kati ne na gaske, faifai guda da ake sokawa a cikin akwatin kwamfuta, irin Sound Blaster da kamfanin Creative na Singafo ya fito da shi a 1989. Daga baya Intel ya kawo tsarin AC'97 a 1997, sannan HD Audio a 2004, aikin ya rabu biyu: akwai mai kula da zirga-zirgar sauti a cikin babban guntun da ke haɗa kayan na'urar, akwai kuma wani ɗan guntu da bai fi farce ba, manne da dalma a jikin babban faifan da masu gyara ke ce wa kart mer. Shi wannan ɗan guntun yake mayar da lambobi su koma amo, yake kuma mayar da muryar da ta shiga makirufo ta koma lambobi. Mafi yawansu na kamfanin Realtek ne na Taiwan. A tsofaffin HP da Dell da Lenovo, irin waɗanda suka cika mana kasuwa, ana yawan samun na Conexant ko na IDT.

Windows ba ta jin yaren wannan guntu kai tsaye. Sai da wata ƴar manhaja a tsakani, wadda ƴan Najeriya ke ce wa direba, mu kuma a nan ka ji an ce pilot. Aikinta aikin tafinta ne. Kuma tafintocin iri biyu ne, a nan gizo ke saƙar. Microsoft yana da nasa na gama-gari, wanda ya san yaren HD Audio gaba ɗaya, duk guntun da aka ba shi zai yi ƙoƙari da shi. Kamfanin da ya ƙera kwamfutar kuma yana da nasa, wanda aka ɗinka daidai wuyan wannan samfurin. Guntun Realtek ɗaya ne za ka samu a cikin HP da kuma cikin Lenovo, amma wayoyin da aka ja daga ƙafafunsa ba ɗaya ba ne: wannan ƙafa ce ke zuwa lasifika a nan, a can ita ce ke zuwa ramin abin kunne, wannan yana da ƙaramin amfilifaya da sai an tashe shi da wani umarni, wancan ba shi da shi. Kamar gidan da wani mai haɗa wuta ya ja wa waya ne, shi ya san wane makunni ne na zaure, wane ne na ɗakin tsakiya. Tafintan gama-gari baƙo ne a gidan. Wani lokaci ya yi sa'a ya laluba daidai, wani lokaci ya kunna abin kunne ya bar lasifika a kashe. Da ɗan gari akan ci gari.

To me babbar sabuntawa take yi? Tashi daga Windows 7 zuwa 10, ko daga 10 zuwa 11, ko ma irin manyan sabuntawar da ake yi a cikin Windows ɗaya, kusan sabon zubi ne. Tsohuwar manhajar ana tattara ta a ajiye a wata jaka mai suna Windows.old, a shimfiɗa sabuwa, sannan a bi tafintoci ɗaya bayan ɗaya ana duba wanda zai ƙetare. Wanda ake ganin bai dace ba a bar shi baya, a sa na gama-gari a gurbinsa, ko a ɗauko wani ta intanet. Wanda aka rubuta don Windows mai bit 32 ba ya aiki a mai bit 64, ita kuwa Windows 11 mai 64 ce kawai. A cikin wannan ƙaura ne kaya suke ɓata a hanya.

Kuma abin ba yau ya fara ba. Da Windows Vista ta fito ga jama'a a 2007 an sake ginin sashen sauti tun daga tushe, katuna masu tsada da yawa suka rasa wasu daga cikin ƙwarewarsu. A Oktoban 2018 hanyar sabuntawar Windows ta tura wani tafintan Intel, na abin da ake kira Smart Sound Technology, zuwa kwamfutocin da ba nasu ba ne, sauti ya ɗauke musu, har sai da Microsoft ya fitar da gyara na musamman don cire shi. A 2020, da aka fito da zubin Windows 10 mai lamba 2004, an hana kwamfutoci masu wasu tafintocin Conexant karɓarsa saboda suna faɗuwa da shuɗin allon nan na kuskure, hanin bai tashi gaba ɗaya ba sai a 2021. Ko a zubin 24H2 na Windows 11 an sake dakatar da wasu na'urori masu manhajar gyaran amo ta Dirac, don lasifikarsu tana yin shiru bayan sabuntawa. A duk waɗannan babu inda ƙarfe ya lalace.

Saboda haka bincike daga mai arha ake fara shi. Na farko ma har kunya yake ba mutum: a sake tayar da na'urar. Amma a kula, kashewa daban, sake tayarwa daban. Tun daga Windows 8 akwai dabarar tashi da sauri, wadda in ka ce a kashe, sai ta adana halin da tafintoci suke ciki a faifai, gobe ta ɗauko su yadda suke, har da kuskurensu. Redémarrer, ko Restart ga mai Ingilishi, shi yake sauke komai ya ɗora sabo. Mutum zai rantse ya kashe ta sau biyar, alhali ko sau ɗaya ba ta tashi daga tushe ba.

Na biyu, ina sautin yake tafiya? Windows ba lasifika ɗaya ta sani ba. Ramin HDMI ma mafitar sauti ce, haka abin kunne na Bluetooth, haka duk abin da aka soka ta USB. Bayan sabuntawa takan sake zaɓen wadda za ta riƙa bi, sai ta zaɓi allon da aka haɗa da HDMI, wanda ko lasifika ba shi da ita. Masu kwamfutar tebur a ofisoshi da wuraren buga takardu su suka fi faɗawa wannan. Ka ga ma'aunin kore yana hawa yana sauka, alamar ana magana, amma a ɗakin da babu kowa. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta mmsys.cpl, tsohuwar tagar sauti za ta buɗe. Ni ita na fi yarda da ita a kan sabon shafin saituna, don komai a fili yake. A danna hannun dama na linzami a fili, a ce ta nuna na'urorin da aka kashe da waɗanda aka cire, sannan a zaɓi lasifikar gaskiya a mayar da ita ta dindindin.

In nan ba a ga lasifika ba sam, sai a shiga inda ainihin shari'ar take. Windows da R kuma, a rubuta devmgmt.msc. Wannan ita ce rajistar duk kayan da ke jikin na'urar, Gestionnaire de périphériques a Faransanci. A buɗe sashen sauti da bidiyo da wasanni. Abin da aka gani a nan shi ke faɗin inda za a dosa.

In an ga sunan Realtek ko Conexant da ɗan rawayan alwatika a jikinsa, tafinta yana nan amma ya kasa aiki. A cikin bayaninsa sau da yawa za a ga lamba 10, ma'ana na'urar ta ƙi tashi. In maɓallin komawa tsohon tafinta yana da rai, Restaurer le pilote ke nan, a danna shi, shi ne hanya mafi sauƙi. In ya dushe, babu tsohon a ajiye, sai a cire na'urar tare da tafintanta, a sake tayarwa, a bar Windows ta sa nata. In kuwa abin da aka gani shi ne High Definition Audio kawai babu sunan kamfani, to baƙon nan ne yake riƙe da gida. Yana iya yiwuwa sauti yana fita amma siriri, ko abin kunne yana yi lasifika ba ta yi, ko ka soka abin kunne lasifika ta ci gaba da magana a gaban mutane. Maganin wannan shi ne tafintan kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

Akwai kuma halin da sashen sautin ma babu shi, sai wani abu can ƙasa mai alamar tambaya da lamba 28, wato ba a sa masa tafinta ba ko kaɗan. A nan wata dabara take da amfani, wadda ya kamata kowane yaron shago ya haddace. A buɗe bayanin abin, a shiga shafin dalla-dalla, a zaɓi lambobin shaidar ƙarfe. Za a ga wani dogon rubutu mai VEN a ciki, da haruffa huɗu a bayansa. 10EC Realtek ne, 14F1 Conexant, 111D IDT, 8086 Intel, 10DE kuma Nvidia, wato sautin HDMI na katin hoto. Takardar da ke manne a bayan kwamfuta tana iya yin ƙarya, musamman na'urar da ta sha hannu, aka canja mata murfi ko faifai. Wannan lamba kuwa daga bakin guntun take fitowa.

A kwamfutocin hannu na ƴan shekarun nan akwai ƙarin hawa guda. Sautin ba ya tafiya kai tsaye zuwa guntun Realtek, sai ya bi ta wani sashe na Intel, Smart Sound ɗin nan, wanda ba a cikin sashen sauti ake ganinsa ba, a cikin kayan tsarin na'ura yake ɓoye. In shi ne ya sami rawayar alama, ko sau goma ka sa Realtek ba za ka ji ko tari ba. Shi ake fara gyarawa, sannan na sama da shi. Makirufon cikin irin waɗannan na'urori ma ta nan yake bi.

Daga ina za a ɗauko tafinta? Daga shafin HP ko Dell ko Lenovo, da lambar samfurin ko lambar jikin na'urar. Na san dalilin da ya sa ake gudun haka: fayil ɗin sauti kaɗai yakan kai ɗaruruwan megabait, intanet kuwa da kuɗi ake sayensa, ga shi yana yankewa. Shi ya sa kowane mai gyara yake da kile, wato ɗan filashin USB, cike da tarin tafintoci, ko wata manhaja mai cewa za ta sabunta komai da dannawa ɗaya. Ba na son su. Suna duba sunan guntu ne su sa mafi sabo, ba ruwansu da yadda aka ja wayar gidan, wasunsu kuma suna shigo da tarkacen talla. Sabo ba shi ne daidai ba. Tsohuwar kwamfutar da kamfaninta bai taɓa yi mata tafintan Windows 11 ba, na Windows 10 mai bit 64 yakan yi mata aiki. Wadda ta tsaya a Windows 7 ko 8 ma sau da yawa nasu yana shiga, in an kwance fayil ɗin aka nuna wa rajistar kayan jakar da hannu maimakon a bi ta mai sakawa. In an gyara kuma bayan kwana biyu Windows ta sake ɗora wanda ya ɓata, a koma tsohon ta maɓallin nan, a dakatar da sabuntawa. Tana yarda a dakatar har mako biyar.

Wani lokaci rajista tsaf take, babu alama ko ɗaya, amma shiru. A rubuta services.msc a duba ma'aikata biyu, Windows Audio da abokinsa Endpoint Builder, a tabbata suna gudana, a sake tayar da su. In sauti yana fita amma yana ƙarce-ƙarce ko yana sarƙewa, a koma tagar mmsys.cpl, a kashe kayan ƙawata amo gaba ɗaya, domin su ma ƙananan manhajoji ne na kamfanoni daban, kuma su suka fi saurin saɓawa da sabuwar Windows. A gwada mayar da ma'aunin zuwa bit 16 da 48000, ko 44100 irin na faifan CD.

Makirufo labarinsa daban. Tun daga sabuntawar Afrilun 2018, izinin sirri na Windows 10 ya shafi har tsofaffin manhajojin tebur. In an kashe izinin makirufo a can, manhajar ɗaukar murya za ta ga makirufon amma ba za ta ji komai ba. Mai ɗaukar tafsiri a watan azumi, ko mai haɗa tallar rediyo, ko ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke da darasi ta intanet, ya fara duba wannan makunni kafin ya taɓa tafinta. Masu sutudiyo da ke aiki da akwatin sauti na USB kuma su sani nasu tafintan, na tsarin ASIO, daga kamfanin akwatin yake zuwa, kuma bayan babbar sabuntawa yakan so a cire shi a sake sa shi. Ni a ganina kwamfutar da ake cin abinci da ita a sutudiyo ba a sabunta ta ana tsakiyar aikin mutane, balle ana jibi biki.

Ga wani abu da ya shafe mu saboda hanyar da kayanmu suke biyowa. A Turai ana sayar da wani nau'in Windows mai harafin N a ƙarshen sunansa, wanda aka cire wa kayan kunna sauti da bidiyo saboda hukuncin hukumar Tarayyar Turai kan gasar kasuwa. A irin wannan, lasifika lafiya, tafinta lafiya, amma wasu manhajojin kira da na ɗaukar murya su ƙi aiki sai an ƙara musu Media Feature Pack. A duba sunan Windows ɗin da kyau in na'urar ta Faransa ce ko Beljiyam.

Yaushe ne za a yarda ƙarfen ne? Akwai gwajin da ke raba gardama. A zuba Ubuntu, wani nau'in Linux, wato wata babbar manhaja kishiyar Windows, a kile, a tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da an saka shi a faifai ba, a kunna wani sauti. Linux da nasa tafintocin yake zuwa, ba ya aron na Windows. In ta yi magana, an wanke guntun, laifin na manhaja ne. In ta yi shiru ba a gama yanke hukunci ba tukuna, don shi ma Linux yana da nasa ciwon: ya nuna mafitar bogi, ko wata tasha ta kasance a kulle, a ga MM a ƙarƙashinta cikin alsamixer, manhajarsa ta daidaita sauti.  Amma in Windows shiru, Linux shiru, abin kunne shiru, to sai a fara zargin faifai. A leƙa BIOS ma, shafin saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi, wasu kwamfutocin ofis suna da makunnin kashe sauti a can.

Kada kuma a manta da ƙura. Ramin abin kunne yana da ɗan harshe a ciki mai gane an soka wani abu. Ƙurar hunturu in ta cushe shi, ko harshen ya lanƙwashe, sai na'urar ta ɗauka abin kunne yana ciki har abada, ta hana lasifika magana. Wannan ba ruwansa da sabuntawa, haɗuwa ce kawai aka yi, faɗuwa ta zo daidai da zama. Haka ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa a kwamfutar da batirinta ya mutu: fayiloli su shiga rabi da rabi. Umarnin sfc /scannow, da ake rubutawa a tagar umarni, wato cmd, yana gyara wasu daga cikinsu.

Akwai ƙofar komawa baya, amma tana rufewa da wuri. Bayan babbar sabuntawa Windows tana ba da kwana 10 a koma tsohuwar, muddin ba a share jakar Windows.old ba. Mai yin forma a ranar farko wannan ƙofar yake toshewa, ya kuma share tafintan asali da yake kwance a cikin tsohuwar jakar, wanda wataƙila kamfanin ya daina ajiye shi a shafinsa. Wanda bai riga ya sabunta ba ma yana da abin da ya fi: ya buɗe tagar umarni da ikon mai gida, wato administrateur, ya rubuta pnputil /export-driver * sannan sunan wata jaka a kan kile, duk tafintocin da aka ƙara wa na'urar za su kwafu. Minti kaɗan ne, kuma ba ya cin intanet.

Maganar ta ƙara zafi tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kwakwalwa kuma in ta Intel ce daga zuriya ta 8 zuwa sama, alhali kwamfutocin gwanjo da yawa da ke hannun mutane ƴan zuriya ta 4 zuwa ta 7 ne. Ana tsallake shingen a cusa musu ita, kuma tana tashi. Amma wanda ya yi haka ya san kamfanin da ya ƙera na'urar bai yi masa alkawarin tafinta ba, kowace babbar sabuntawa ta gaba kuma tana iya sake tayar da wannan rigimar.

In duk an bi guntun ya tabbata ya mutu, ba a canja kart mer saboda sauti. Akwai ɗan katin sauti na USB, kamar kile, mai rami biyu, kore na kunne da ja-ja na makirufo. Ba ya neman tafinta daga kowa, don Windows da Linux duk sun san yaren sautin USB tun asali. Iyakarsa dai ba ya tayar da lasifikar cikin kwamfutar, sai an haɗa ta waje ko abin kunne, kuma masu arhar cikinsu suna sa ɗan huci a makirufo. Ga mai sauraron karatu ko kallon wasa ya wadatar. Mai ɗaukar murya don rediyo ya gwada shi da caja a jiki, ya kuma gwada a kan batiri kaɗai kafin ya biya kuɗi, domin a gidajen da wayar wutarsu ba ta da ta ƙasa, gurnanin da ake ji a cikin rikodin sau da yawa daga cajar yake shigowa.